Lambu da Hurumi: Haƙƙin Mai Shan Iska a Kwarin Rima

Wanda ya bi hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu lokacin rani zai ga fadamar Gulbin Rima shimfiɗe ta wajen Zauro da Ambursa, kore shar da shinkafa da albasa, ga inuwar mangwaro jefi-jefi. Irin wannan wuri ne mutanen gari kan nufa da la'asar don shan iska. Fitar ita kanta halal ce, tana ma iya zama ibada idan an haɗa ta da tunani a kan halittar Allah. Ya tabbata a Sahihul Bukhari cewa Manzon Allah (SAW) yakan shiga Bairuha, lambun Abu Ɗalha da ke fuskantar masallacin Madina, ya sha daga ruwansa mai daɗi. Inda hukunci yake sauyawa shi ne matsayin ƙasar da mai ziyara ya taka.

Galibin fadama mallakar manoma ce, ko da ba a ga shinge ba. Malamai sun yi saɓani a kan mai wucewa da ya tsinki 'ya'yan itace. Imamu Ahmad ya yi rangwame ya ci a lambun da ba katanga ba mai gadi, muddin bai yi guzuri ba, yana dogaro da hadisin Ibnu Umar da Tirmizi ya ruwaito. Jumhur, ciki har da Malikiyya da ake bi a wannan ƙasa, ba su halatta hakan ba sai da izini ko lalurar yunwa, kuma mai yawon buɗe ido ba ya cikin lalura. Ra'ayin jumhur ya fi dacewa da halin fadama, domin mai lambun sau da yawa da bashi ya sayi man injin ban-ruwa, kuma hannu ɗaya da ya tsinka kan zama hannu hamsin kafin magariba. Taka kunya da fasa hanyar ruwa kuwa ɓarna ce da ke wajabta lamuni.

Wurin shaƙatawa na jama'a yana da asali daban, wato hurumi, ƙasar da shugaba ya keɓe don maslahar kowa. Annabi (SAW) ya keɓe Naƙi'u saboda dawakin Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa ke Gwandu, ya tattauna hanyoyin keɓantuwa da matacciyar ƙasa a Ta'alimur Radi. Argungu tana da misali a raye: ana hana su a Matan Fada mafi yawan shekara ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa, sai a buɗe lokacin bikin kamun kifi, wanda ake danganta farkonsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934. Malamai suna da maganganu a kan wasu al'adun bikin, amma hana kamu don kifi ya hayayyafa yana da madogara a fiƙihu.

A hurumi mai ziyara abokin tarayya ne. Yana da haƙƙin zama da inuwa, ba shi da haƙƙin sare reshe ko kafa rumfar da za ta tare wa wasu hanya, kuma ladubban zama a bakin hanya suna kansa: runtse ido, kame cuta, amsa sallama, umarni da kyakkyawa da hani daga mummuna. Shugaba ma amintacce ne a kansa kawai, don haka yanka filin jama'a a raba shi fuloti ga 'yan tsiraru ya saɓa wa dalilin keɓe shi tun farko.

Akwai kuma waƙafi, kamar yadda Umar ya yi da ƙasarsa ta Khaibar. Attajirin da ya dasa itatuwa a gefen gari ya tsayar da su don masu hutawa ya samar da lambun da ba a sayarwa, ba a bayarwa kyauta, ba a gadonsa, kuma sharaɗin da ya gindaya shi ne zai fayyace ko mai ziyara zai ci daga 'ya'yansa.