Bindiga a Ƙugu, Takalmin Gudu a Ƙafa

Yau Amurka muka nufa. Za mu bi sawun mutanen da ke fita da sassafe gudun motsa jiki, da waɗanda ke goya jaka su nausa daji su yi kwana da kwanaki suna tattaki don nishaɗi. Kayansu sananne ne: takalmi, gorar ruwa, wayar salula. Sai dai wasunsu na da abu na huɗu a ƙarƙashin riga, wanda ba kowa ke gani ba, wato ƙaramar bindiga. Sai ku gyara zama.

(Kiɗa)

A watan Fabrairun 2010, gwamnan jihar Texas na wancan lokaci, Rick Perry, ya fita sassarfa a gefen birnin Austin tare da karen 'yarsa. Yadda ya ba da labari, suna cikin tafiya sai ga wata dabba da ake kira koyot, 'yar uwar dila ce, ta tsaya ta ƙura wa karen ido. Gwamna ya zaro 'yar bindigarsa ƙirar Ruger, harbi ɗaya ya gama da ita. Sai bayan wata biyu ya shaida wa 'yan jarida, ya ce dama tsoron macizai ne ke sa shi fita da ita. Kamfanin da ya ƙera bindigar bai yi sanya ba, ya fito da samfuri na musamman da sunan dabbar a jiki. Wasu suka yi dariya, wasu suka yi tsaki, amma gwamna bai taka doka ba.

Tushen abin yana cikin gyara na biyu da aka yi wa tsarin mulkin ƙasar a 1791, wanda ya ba jama'a 'yancin mallakar makami da ɗaukarsa. An daɗe ana jayayya kan ma'anarsa. A 2008 Kotun Ƙoli ta ce 'yanci ne na mutum shi kaɗai, a cikin gidansa. A watan Yunin 2022 ta ƙara gaba, alƙalai 6 suka rinjayi 3, suka ce 'yancin bai tsaya a bakin ƙofa ba, suka soke dokar jihar New York wadda ta fi shekara ɗari tana tilasta wa mutum ya kawo ƙwaƙƙwaran dalili kafin a ba shi izinin yawo da bindiga a ɓoye. Zuwa 2024, jihohi 29 cikin 50 ba sa ma neman takardar izini daga baligin da doka ba ta haramta wa riƙe makami ba. Ƙididdigar cibiyar Small Arms Survey ta 2018 ta ce akwai bindigogi kusan miliyan 393 a hannun fararen hula a Amurka. Sun fi mutanen ƙasar yawa.

Ku kwatanta da Najeriya, inda dokar makamai ta 1959 ta sa fistol cikin makaman da sai da izinin shugaban ƙasa ake mallaka. Shi ya sa zancen yake mana banbaraƙwai.

To me mai gudu yake tsoro? Kada mu raina wannan tambaya, don tsoron na gaske ne, musamman ga mata. A 2018 wata ɗaliba 'yar shekara 20 ta fita gudu da yamma a wani ƙaramin gari na jihar Iowa, sai bayan wata guda aka tsinci gawarta a gonar masara. Ranar 2 ga Satumban 2022, a birnin Memphis, wata malamar makaranta mai 'ya'ya biyu ta fita gudunta tun kafin asuba, wani ya tura ta cikin mota da ƙarfi, bayan kwanaki aka ga gawarta. Da mako ya zagayo, jama'a suka fito a daidai wannan sa'a, cikin duhu, suka ƙarasa mata gudun da ba ta ƙarasa ba. A Fabrairun 2024 aka sake kashe wata ɗalibar aikin jinya a harabar jami'a a jihar Jojiya. Matar da ta ji waɗannan labarai ta je ta sayi bindiga, ba ni da bakin yi mata dariya.

Amma saye daban, ɗauka daban. Wandon gudu ba shi da bel, yadinsa kuma shara-shara ne. Ƙananan bindigogin aljihu ba su kai giram 300 ba in babu harsashi, matsakaita kuma, irin Glock 19, in an cika ta tana haura giram 800. Ku ɗauka mutum ya ɗaura gwangwanin madara biyu a ƙugu yana gudun kilomita goma. Kowane taku sai ta yi tsalle, ta goge fata, gumi kuma yana cin ƙarfe. Don haka 'yan kasuwa suka ƙirƙiro ɗamarar roba mai faɗi da ake ɗaurawa a ciki, da 'yar jakar ƙugu, da jakar ƙirji ta masu hawan dutse, waɗanda igiyar babbar jakarsu ta riga ta mamaye ƙugu. Masu koyar da harbi sun haɗu a kan sharaɗi ɗaya: dole kuben ya zama mai tauri, ya rufe kunamar bindigar ruf, don kada makulli ko zare ko yatsa ya taɓa ta. Wanda ya jefa ta tsirara cikin aljihu, ƙafarsa ce abin harinsa na farko.

Ga kuma inda gizo ke saƙar. Iya yadda ka ɓoye ta, ka ɗaure ta tamau, iya yadda za ka daɗe kafin ka zaro ta. A 1983 wani ɗan sanda a birnin Salt Lake, Dennis Tueller, ya auna ya ga cewa mutum mai lafiya yana cinye tazarar ƙafa 21, wajen mita shida da rabi, cikin daƙiƙa ɗaya da rabi. Kusan lokacin da ƙwararre ke buƙata ke nan ya zaro bindiga daga kuben da ke a fili ya harba. Ƙwararre fa, wanda ke tsaye, yana kallon abin da ke zuwa. Ina ga wanda ke haki, hannunsa jiƙe da gumi, kunnuwansa toshe da waƙa, zik ɗin jakarsa a rufe, maharin kuma ta baya ya ɓullo?

(Kiɗa)

Mu shiga daji. Ranar 22 ga Fabrairun 2010 wata doka ta fara aiki wadda ta halatta shiga gandun dajin gwamnatin tarayya da bindiga, gwargwadon dokar jihar da gandun yake. Abin dariyar shi ne, a jikin dokar katin cin bashin banki 'yan majalisa suka liƙa ta, Shugaba Obama ya sa hannu a 2009. Bayan wata uku da fara aikinta, a gandun Denali na jihar Alaska, wani mai tattaki ya ɗirka wa beyar harsashi wajen tara da ya ga ta yi kan abokiyar tafiyarsa. Washegari aka ga mushen dabbar. Masu goyon bayan bindiga suka ce kun gani.

Beyar ba abin wasa ba ce. Babba kan haura kilo 200, tana kuma gudun da ya kai kilomita 55 a sa'a, ba ɗan Adam ɗin da zai tsere mata. Sai dai masana biyu, Tom Smith na Jami'ar Brigham Young da Stephen Herrero na Jami'ar Kalgari a Kanada, sun zauna da abokan aikinsu sun bi diddigin artabun mutum da beyar a Alaska. A 2008 suka fitar da sakamako kan feshin barkono, wani gwangwani da ke fesa yaji mai tsanani har mita da dama: ya kori jar beyar a kashi 92 cikin ɗari na lokutan da aka fesa, kuma kashi 98 na mutanen sun tsira ba ko ƙwarzane. A 2012 suka duba artabu 269 da aka yi da bindiga a hannu. Fistol ta yi aiki a kashi 84, doguwar bindiga a kashi 76. Abin da ya fi ba da mamaki, waɗanda suka harba da waɗanda ba su harba ba, kusan daidai suke wajen jin rauni. Masu bindiga na da amsarsu: iska kan kwashe barkono, kuma sau da yawa beyar da aka fesa wa yaji leƙe kawai ta zo yi, ba faɗa ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Duk da haka, hayaƙi mai faɗin ƙofa ya fi sauƙin samun abin da ke zuwa a guje fiye da harsashi mai kaurin ɗan yatsa. Kuma tun da aka kafa gandun Yellowstone a 1872, mutum takwas beyar ta kashe a cikinsa. Waɗanda ruwa ya ci sun ninka haka nesa ba kusa ba.

Yanzu ga labarin da na fi so ku riƙe. Ranar 11 ga Mayun 2004, wani malamin makaranta mai ritaya, ɗan shekara 57, yana gab da fitowa daga dajin Kokonino a jihar Arizona bayan ya wuni yana tattaki shi kaɗai. Yana da izinin riƙe bindigarsa, ba a taɓa kama shi da laifi ba. A bakin hanyar akwai wani mutum da ya yada zango da mota da karnuka uku. Biyu daga cikin karnukan suka yo kan malamin. Ya ce ya yi ihu a kama su, ba a kama ba, sai ya harbi ƙasa, suka watse. Sai mai karnukan ya gangaro a guje, yana zagi yana barazana, a cewar malamin. Ya ce ya gargaɗe shi bai tsaya ba. Ya harbe shi sau uku, a kusa da kusa.

Malamin bai gudu ba. Ya tallafe kan mutumin da jakarsa, ya fita titi ya tsayar da mota a kira agaji. Mutumin ya cika a wurin. Hannunsa babu makami, sai wani sukundireba da aka gani a aljihunsa. Shaida kuma babu, sai wanda ya yi harbin.

A kotu, mai gabatar da ƙara ya daɗe a kan girman bindigar da irin harsashin da ke cikinta, mai buɗewa in ya shiga jiki, yana nuna cewa wanda ya shigo daji da irin wannan ya zo da shirinsa. Dokar Arizona ta lokacin ta ɗora wa wanda ake tuhuma nauyin tabbatar da cewa kare kansa ya yi. A 2006 aka same shi da laifin kisa, aka yanke masa shekara goma. Shari'ar ta girgiza jihar har majalisa ta sauya doka, ta mayar da nauyin hujja kan gwamnati. A 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin, ya fito bayan shekara uku a kurkuku, ba a sake gurfanar da shi ba. A 2012 ya rasu. Har gobe Amurkawa na gardama: wasu na cewa da ba don bindigar ba da shi za a binne, wasu na cewa da gwangwanin barkono ne a hannunsa, da dukansu biyu sun kwana a gida, ɗaya da jajayen idanu. Ni dai ina tare da na biyun. Daƙiƙa kaɗan aka ba mutumin nan ya auna nufin wanda bai taɓa gani ba, ga gajiya, ga firgicin karnuka, kuma abin da ke hannunsa amsa ɗaya tak ya iya bayarwa.

Akwai kuma mai gudun da bindigar wasu ce ajalinsa. A Fabrairun 2020, kusa da garin Brunswick a Jojiya, wani matashi baƙar fata ɗan shekara 25 yana gudu a wata unguwa, fararen fata uku suka bi shi da motoci bisa zargin sata, ɗaya ya harbe shi. Su ma kare kai suka ce. Kotu ta yi musu ɗaurin rai da rai, jihar kuma ta soke dokarta ta 1863 da ta ba farar hula ikon kama wanda yake zargi.

Masu dogon tattaki kuwa, yawancinsu nauyi da doka ne ke raba su da bindiga. Hanyar Apalachiya ta kai kilomita 3,500, daga Jojiya zuwa Maine, ta ratsa jihohi 14, ana wata biyar zuwa bakwai a kanta. Mutanen da ke yanke mariƙin buroshin haƙori don rage nauyi ba za su so ƙarin kilo guda na ƙarfe ba. Kuma bindigar da ke halas a Jojiya kan iya kai ka kurkuku da zarar ka taka New Jersey ko New York. Ƙungiyar da ke kula da hanyar ma shawararta ita ce a bar ta a gida.

Kalma ta ƙarshe ga 'yan uwanmu da ke can, ko masu 'ya'ya da ke karatu can. Wannan 'yanci da ake ta faɗa bai game kowa ba. Dokar tarayya ta haramta wa mai bizar karatu ko ta ziyara riƙe bindiga, in ban da 'yan keɓance-keɓance kamar mai lasisin farauta, ta kuma haramta wa wanda ba shi da takardun zama gaba ɗaya. Hukuncinsa ɗauri ne, daga nan a iza ƙeyar mutum gida. In ɗanku ya bugo waya ya ce abokai sun ba shi shawara ya sayi 'yar ƙarama saboda gudun safe, ku ce ya nemi abokin gudu, ya cire abin kunne, ya kuma ga lauya kafin ya ga mai shagon bindiga.