Waya na iya ƙirga bugun zuciya, amma auna hawan jini fa?

Manhajojin da ke cewa a ɗora yatsa a kan kyamara su faɗi awon hawan jini sun cika Play Store, kuma akwai matasan da ke sauke su don duba iyayensu a gida.

Ga yadda abin yake. Idan yatsa ya rufe kyamara da fitilar waya, haske kan ratsa fata, kyamarar kuma ta riƙa ganin yadda launin yatsan ke ɗan sauyawa duk lokacin da zuciya ta harbo jini. Da haka ake ƙirga bugun zuciya, kuma yakan zo kusa da daidai in mutum na zaune shiru. Google ma ya sanya wannan fasaha a manhajar Google Fit a 2021.

Hawan jini kuwa wata magana ce daban. A 2016 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun gwada manhajar Instant Blood Pressure, wadda aka saya fiye da sau 100,000. Kusan huɗu cikin biyar na waɗanda jininsu ya hau, sai ta nuna musu lafiya ƙalau. Ciwo ne da sau da yawa ba ya nuna alama, don haka dattijon da ya yarda da wannan sakamako zai iya ajiye maganinsa.

Ko agogon Galaxy Watch na Samsung da ke auna hawan jini, sai an riƙa daidaita shi duk kwana 28 da na'urar nan da ake ɗaurawa a damtse. Ita ya kamata a saya, wayar kuma a bar mata adana sakamakon da za a nuna wa likita da tunatar da lokacin shan magani.