Tashar Haɗi: Yadda Ake Mayar da Laftof Kwamfutar Tebur

Duk ɗalibin da ya kai ajin ƙarshe ya san cewa kundin digiri ba a rubutun biro yake ƙarewa ba, sai an buga shi. A yau da yawa daga cikinmu, ko a Jami'ar Jihar Gombe da ke Tudun Wada, ko a Kwalejin Ilimi ta Tarayya, ko can Jami'ar Tarayya ta Kashere, a kan laftof muke wannan aiki, wato kwamfutar tafi-da-gidanka. Ita kuwa laftof an ƙera ta ne domin a saka a jaka a yi gaba, ba domin a zauna a gabanta awa shida ana juyar waƙar baka ba. Allonta ƙarami ne, madannanta a takure suke, kafofin da ake soka mata kaya kuma kullum raguwa suke yi, domin masu ƙera ta suna gasar wa zai fi sirantar da tasa. Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan wata na'ura da ke magance wannan matsala, da kuma abin da ya kamata mai saye ya sani tun kafin kuɗinsa su bar aljihu.

'Yan kasuwa suna kiran na'urar da sunanta na Turanci, dokin siteshan. Ba ta da dangantaka da dokin hawan sallah. Asalin kalmar daga wurin da jirgin ruwa ke tsayawa a ɗaure shi ne. A nan za mu kira ta tashar haɗi. Wani ɗan akwati ne da ake ajiyewa a kan tebur, a jona masa babban allo ɗaya ko biyu, da kibod, da maus, da firinta, da lasifika, da wayar intanet, a bar su a jone. Idan mai laftof ya zo, waya ɗaya tak zai soka, sai duk kayan nan su zama nata. In zai tashi ya zare wayar ya rufe jaka.

Tashar zamanin da

Dabarar ba sabuwa ba ce. A shekarar 1992 kamfanin Apple ya fito da wata 'yar laftof mai suna PowerBook Duo, wadda ake tura ta cikin tasharta kamar yadda ake tura kaset cikin bidiyo. Daga baya kamfanonin da ke yi wa ma'aikatu kwamfuta suka riƙa saka wata doguwar tsaga a ƙasan laftof ko a gefenta, wadda ake ɗora ta a kan tasha ta kama. ThinkPad na da irin wannan, haka jerin Latitude E na kamfanin Dell, haka kuma EliteBook na HP.

Wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye, domin waɗannan su ne ainihin kwamfutocin tokumbo da suka cika hannun ɗalibai, waɗanda ake saukewa a kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas, su biyo ta Kano su iso Gombe. Mai irin wannan laftof ya kifa ta ya duba. Idan ya ga tsagar, to ya dace, domin tasharta ba ta buƙatar a saka wata manhaja, kuma galibi tana ɗauke da kafar VGA da tsofaffin allunanmu ke amfani da ita. Aibinta ɗaya ne: kowace gida da tata. Tashar Dell ba ta karɓar HP, kai ko a cikin kamfani ɗaya ma tashar wani jeri ba lallai ta karɓi wani ba. Sau da yawa kuma tana son caja mai ƙarfi fiye da wadda ta zo da laftof ɗin.

Kafa ɗaya a ido, aiki daban-daban

A nan ne mafi yawan masu saye suke tafka asara, saboda haka za mu ɗan daɗe. A shekarar 2014 aka fito da kafar USB-C, wato 'yar ƙaramar kafar nan mai siffar ƙwayar magani da ke jikin yawancin wayoyin hannu na yanzu, wadda ko ta wace fuska aka soka waya takan shiga. An tsara ta yadda za ta iya ɗaukar abu uku a lokaci guda: bayanai, da hoton da ke zuwa allo, da wutar caji. Amma "za ta iya" ba "dole ta yi" ba ne. Kamfanin da ya ƙera laftof shi ke zaɓar abin da zai jona wa kafar daga ciki. Wata kafar tana ɗauke da duka ukun, wata bayanai da caji, wata kuwa bayanai kawai, musamman a ƙananan kwamfutoci masu araha. A ido dukansu iri ɗaya ne. Bahaushe ya ce kama da wane ba ta wane.

Saboda haka mutum zai iya sayen tasha lafiyayya, ya jona ta, maus ya yi aiki, filash ya buɗe, amma allo ya tsaya baƙi ƙirin. Sai ya koma shago ya ce an sayar masa da jabu, mai shago ya jona a tasa laftof hoto ya fito, a kaure da gardama. Laifin ba na tasha ba ne. Tashar ba ta ƙirƙirar hoto, abin da kafar laftof ta miƙo mata shi take rarrabawa. In ba a miƙo ba, ba ta da abin ba allo.

To yaya ake ganewa? Wani lokaci akwai alama a gefen kafar. Zanen walƙiya yana nufin Thunderbolt, wata fasaha da kamfanonin Intel da Apple suka fito da ita a 2011, wadda tun daga zubi na uku a 2015 ta koma amfani da kafar USB-C. Wannan ita ce babbar hanya, tana ɗaukar gigabit 40 a daƙiƙa, alhali USB 3.0 ta 2008 gigabit 5 take ɗauka. Alama mai kama da harafin D tana nufin kafar na fitar da hoto ta tsarin DisplayPort. In haruffan SS kaɗai aka gani, to a yi hattara, mai yiwuwa bayanai ne kawai. Da yake wasu kamfanoni ba sa saka alama sam, hanyar da ta fi tabbas ita ce a ɗauki lambar samfurin da ke manne a ƙasan laftof, a nemi takardar bayaninta a intanet, a karanta abin da aka ce game da kafar.

Ko kafar na fitar da hoto, akwai iyaka. A cikin USB-C akwai layuka huɗu masu sauri. Yawancin tashoshi sukan ba hoto biyu, su bar wa filash da sauran kaya biyu. A laftof mai tsohon tsarin DisplayPort 1.2, layukan biyun nan sun isa alluna biyu masu girman 1920 da 1080, amma in aka jona allon 4K sai a ga maus na tafiya da ɗingishi. A ganina wannan bai kamata ya dami ɗalibin Hausa ba. Rubutu muke yi, allon 1080 ya wadatar har ya yi saura.

Masu kwamfutar Apple suna da tasu matsalar. MacBook Air mai M1 da ta fito a 2020 allo ɗaya kawai take iya ɗauka a waje. Haka kuma tsarin macOS ba ya raba hoto biyu daban ta tashar USB-C ta gama-gari, sai allunan biyu su nuna abu guda.

Wanda laftof ɗinsa ba ta da ko ɗaya, sai tsohuwar kafar USB mai kusurwa huɗu, shi ma bai rasa mafita ba. Akwai tashoshi masu fasahar DisplayLink. Su kan matse hoton ne su mayar da shi kamar sauran bayanai, ya bi ta kafar USB, sannan a warware shi a cikin tashar. Dole sai an sauke manhajarsu an saka, kuma suna ɗora wa ƙwaƙwalwar kwamfuta ƙarin aiki. Ga mai buga rubutu ba laifi, amma mai tace fim zai ji jiki. Kuma tsohuwar kafar ba ta cajin laftof, sai an haɗa da cajarta.

Waya da wuta

Akwai wani abu da ake rainawa, wato ita kanta wayar da ke haɗa tasha da laftof. Wayar cajin salula tana da kai iri ɗaya da wayar tasha, amma da yawansu ba su da layukan hoto a ciki. In wayar asali ta ɓata aka maye gurbinta da ta salula, allo zai mutu. Ta fuskar caji ma haka ne: waya ta gama-gari wat 60 take ɗauka, sai mai 'yar na'ura a kanta ke wuce haka. Tsarin cajin USB ya daɗe yana tsayawa a wat 100, sai a 2021 aka ɗaga shi zuwa 240. Yawancin laftof ɗin ɗalibai tsakanin wat 45 da 65 suke ci, kuma an rubuta adadin a jikin caja. A tabbatar tashar na bayar da aƙalla hakan, in ba haka ba ana aiki batir na zuƙewa.

Sai batun da duk mazaunin Gombe ya sani, daga Pantami har Jekadafari, wato wutar lantarki. Falalar laftof a kan kwamfutar tebur ita ce idan aka ɗauke wuta batir ya riƙe ta. Amma tasha mai cajar kanta ba ta da batir. Da an ɗauke, allo ya mutu, kuma duk abin da ke jone da ita ya yanke nan take. In a lokacin ana tsakiyar adana babi na huɗu a kan filash ko hadis na waje da ke jikin tashar, fayil ɗin na iya lalacewa ya ƙi buɗewa. Shawara ita ce kundi ya zauna a cikin laftof ɗin kanta, a riƙa kwafarsa zuwa filash a kafar laftof kai tsaye, a kuma tura wa kai kwafi ta imel. Wanda yake da hali ya jona tashar da allon a ƙaramin UPS ko inbatar sola. Allon zamani ba ya cin wuta sosai. Haka kuma lokacin da aka dawo da wuta, ko aka juya zuwa janareta, takan zo da ƙarfi. Tunda waya ɗaya ta haɗa komai, gara a saka soket mai kariya a gaba, ko a zare har ta daidaita.

Zafin Maris da Afrilu ma abin lura ne. Masu amfani da tasha suna son rufe murfin laftof su tura ta gefe, amma a ɗakin da ba fanka hakan na ƙara mata zafi. A bar ta a buɗe, a ɗan ɗaga bayanta iska ta ratsa. Lokacin hunturu kuma a riƙa lulluɓe tashar, domin ƙura na cika kafofin.

Bayan an jona

A Windows, a danna maɓallin mai alamar taga tare da harafin P. Zaɓi huɗu za su fito: allon laftof kaɗai, ko su biyun su nuna abu ɗaya, ko a shimfiɗa aiki a kansu, ko babban allo kaɗai. Na biyu shi ne na majigi ranar gabatar da takarda. Na uku shi ne ribar abin gaba ɗaya. Mai nazarin rubutun ajami zai buɗe hoton shafin a allo ɗaya, ya ƙara girmansa har ya bambance ɗigo da tabon tawada, yana mayar da shi boko a ɗaya allon. Wasu allunan ma ana juya su su tsaya a tsaye kamar shafin littafi. Mai juyar waƙar Mamman Shata ko Musa Ɗanƙwairo zai ajiye manhajar sauraro a gefe guda yana tsayarwa yana maimaitawa, ba sai ya yi ta rufe wannan yana buɗe wancan ba. Mai nazarin kalmomi kuma ƙamusun Bargery na 1934 na buɗe a gabansa. In sauti ya ɓace bayan an jona, ba lalacewa ba ce, kwamfuta ce ta tura shi zuwa allon. A je alamar lasifika a mayar da shi. Kada kuma a zaci sabon kibod zai kawo ɓ da ɗ da ƙ. Wannan aikin manhaja ne, kuma Windows na da tsarin madannan Hausa da ake ƙarawa a sashen harsuna.

Ba kowa ne ke buƙatar tasha ba. Wanda allo ɗaya kawai yake so, kuma laftof ɗinsa na da kafar HDMI, waya guda ta ishe shi, ko talabijin ɗin falo ma za ta yi. In tsohon majigi ne mai VGA, akwai ɗan abin juyi da ake sakawa a tsakani, sai dai VGA ba ta ɗaukar sauti. Inda tasha ta fi amfani shi ne teburin da ake zama kullum, ko wanda mutane da yawa ke rabawa. Da ƙungiyar ɗalibai za ta ajiye tebur ɗaya a ɗakin karatu, da babban allo da kibod da firinta, kowa ya zo da tasa laftof, da an huta da yawo da filash daga wannan shagon buga takardu zuwa wancan ana kwasar bairos. Irin wannan tebur tashar DisplayLink ta fi dacewa da shi, tunda kwamfutocin da za su zo ba 'yan gida ɗaya ba ne.

Ranar saye kuwa, a tafi da laftof ɗin da cajarta shagon. A sa mai kaya ya jona allo biyu in biyu ake so, a ga kowane ya nuna nasa daban. A duba alamar batir ko tana caji, a soka filash a kowace kafa ɗaya bayan ɗaya, a ɗan motsa wayar a ga ko hoto zai ƙifta. Sannan a bar ta a kunne kamar minti goma, a taɓa jikinta a ji zafinta, kafin a fara ciniki.