Tsaron Jijiyoyi Yayin Tiyatar Ƙugu

Manomin Dandin Mahe da ya shekara talatin duƙe bisa fartanya, har ciwon ƙugu ya gangara masa zuwa ƙafa, idan likitocin ƙwaƙwalwa da laka na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato, suka ambata masa tiyata, babu abin da ke fara faɗo masa a rai illa tsoron shanyewar ƙafafu. Tsoron nan kuwa yana da hujja, domin cikin hikimar Mahalicci laka tana tuƙewa ne wajen na farko ko na biyu daga ƙasusuwan ƙugu 5, sa'an nan jijiyoyi su barbazu tamkar jelar doki, kuma su ne ke mulkin tafiya da riƙon bawali.

Domin kauce wa wannan haɗari, a 1973 likitocin Faransa, Vauzelle da Stagnara, suka bayyana dabarar farkar da majinyaci ana tsakiyar aiki, a umurce shi ya motsa ƙafa. A yau kuwa, a asibitocin da Allah ya hore wa na'urar, sai a soka siraran allurai cikin tsokokin ƙafa alhali mutum yana barci, ta yadda da zarar ƙusa ko ƙarfen likita ya gogi jijiya, tsokar za ta harba, na'ura ta yi ƙara, likita ya janye hannu tun kafin ɓarna ta tabbata. A ganina haƙƙin majinyaci ne ya tambayi likitansa yadda za a tsare masa jijiyoyi.

Wanda ciwon ƙugu ya kai shi ga kasa riƙe bawali, to, ya garzaya asibiti a ranar, kada ya kwana.