Wa ke shuka naman kazan suri?

A ƙasar Roni, inda gonaki ke kwance tsakanin duwatsu, idan ruwan Yuli da Agusta ya zauna, makiyayi kan wuce ta gefen suri da yamma bai ga komai ba, washegari da sassafe ya tarar naman kaza ya tsago ƙasa har ya buɗe. Yawancin mutanenmu ba sa ci, laimar kwaɗi suke ce masa su wuce. Amma 'yan tsirarun da ke tsintarsa sun san abu uku: mai daɗin ci a gidan gara yake fitowa, wuri ɗaya yake komawa kowace damina, kuma ba kowane suri ke bayarwa ba. Ba wanda ya taɓa ganin mai shuka shi. To me ya haɗa shi da gara?

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce taki, tunda ƙasar suri tana da ƙarfi, shi ya sa ma tsamiya ke son gindinsa. Sai dai da taki ne kawai, da juji da turken shanu sun fi ko'ina ba da shi. Masu fitowa a can iri daban ne, har akwai wanda ƙasan laimarsa ke yin kore-kore idan ya tsufa, mai sa amai da gudawa mai tsanani.

Bakin zaren yana ƙarƙashin ƙasa. Idan aka tona gindin na suri a hankali da wuƙa maimakon a fizge shi, za a ga ƙafarsa ba ta tsaya a sama ba. Siririyar wutsiya gare shi mai nutsewa, wani lokaci kamu biyu ko fiye, kuma a tsakiyar laimar akwai ɗan tsini mai tauri da yake huda yumɓu da shi. Mai bin wutsiyar har ƙarshe zai faɗa wani ɗaki na gara, ya iske dunƙule mai danshi, ramuka-ramuka kamar saƙar zuma, jikinsa cike da fararen ƙwayoyi ƙanana. Daga nan wutsiyar ta taso.

Masani ɗan Faransa Roger Heim ne ya sa wa wannan jinsi suna Termitomyces a 1942. Dunƙulen nan itace ne da ciyawa da gara ta tauna ta kasayar, ta gina. Cikinta ba ya iya narkar da taurin itace shi kaɗai, sai ta dasa funfunar naman kazan nan a kai, funfunar ta ruɓar da shi, ita kuma ta ci fararen ƙwayoyin da tsohon dunƙulen da ya yi laushi. Ashe noma take yi. Ginin surin kansa domin gonar ne: yana riƙe danshi, yana tsayar da ɗumin ciki kusa da digiri 30 ko da zafin bazara ya haura 40 a waje. A Tanzaniya an tono irin wannan gona da ta zama dutse, mai shekara miliyan 25.

Saura lokacin fitowarsa. Da farkon damina shinge ke tashi, namiji da mace su kakkaɓe fiffike su shiga ƙasa su kafa sabon gida, amma a yawancin jinsuna hannu rabbana, ba iri. Bayan 'yan makonni ma'aikatan farko su fito neman abinci, daidai lokacin da tsofaffin gidaje suka turo laimarsu tana zubar da ƙurar iri. A jikin ciyawa suke kwasarta su kai gida.

Surin da ba ya bayarwa fa? Wani bincike da aka yi a Najeriya, aka buga a 1981, ya warware wannan. A jinsin Macrotermes bellicosus, mai gina dogon suri, namijin shinge yana tashi da irin a cikinsa. A ƙananan gara na jinsin Microtermes kuwa mace ke ɗauka. Tunda da irinsu suke barin gida, funfunarsu ba ta bukatar fitowa fili, shi ya sa da wuya a ga laima a kansu.

Abin ya wuce maganar miya. A dajin Mokwa, masani N. M. Collins ya auna ya ga gara ke kwashe kusan kashi 60 cikin 100 na itacen da ke faɗuwa a shekara, mafi yawa masu noman funfunar nan. A ƙasa irin ta Roni da Gwiwa da Babura, inda rani ke cin wata bakwai ko takwas ba abin da ke ruɓewa a fili, in ba su ba sai gobara. Ramukansu kuma su ke shigar da ruwa cikin faƙo. Manoman Nijar da ke haƙa ƙananan ramukan shuka, wato tassa, suna zuba taki, gara ce ke ƙarasa musu aikin buɗe ƙasar. Garar da ta shiga rumbu ko azara dole a yaƙe ta, ban musa ba. Amma yana yi mini ciwo in ga an bi surin makiyaya da na daji ana ɗura musu maganin ƙwari alhali ba su taɓa hatsin kowa ba.

Mai son tsintar naman kazan suri kada ya dogara da wutsiya kaɗai, ya bi wanda ya daɗe yana ci ya nuna masa da hannu, domin dafuwa ba ta kashe dafin wasu. Ya ɗebi masu ƙuruciya, ya bar waɗanda suka buɗe sosai, su ne ke zubar da irin da sababbin gidajen gara na wannan damina za su kwasa.