Tushiya Mafarin Dawa: Matar Da Ba Ta Manta Da Makarantarta Ba

A wannan wata za mu leƙa ƙasar Amurka ne, mu duba rayuwar wata mata mai suna Pat Summitt, wadda ta buga ƙwallon kwando a wata ƙaramar jami'a, ta yi suna, ta yi kuɗi, sannan ta waiwayi jami'ar da abin hannunta. Masu kyauta suna da yawa a duniya. Abin da ya ja hankalina ga tata kyautar shi ne inda ta ajiye ta, domin ta toshe ainihin gurbin da ta taɓa shan wahala a cikinsa lokacin da take ɗaliba.

'Yar manomi

An haifi Patricia Sue Head ranar 14 ga Yuni, 1952, a garin Clarksville na jihar Tennessee. Summitt sunan mijinta ne da ta ɗauka bayan aure. Mahaifinta Richard manomi ne mai kiwon shanun madara, kuma mutum ne mai zafi wajen tarbiyya, wanda ba ya bambanta mace da namiji idan aka zo aikin gona. Pat ta tashi ne a bayan yayye maza uku, tana tatsar shanu tare da su, idan an gama aiki da yamma kuma su hau saman rumbun ciyawa inda aka kafa musu kwando, su yi ta buga ƙwallo. A nan ta koyi wasan. An kuma shaide ta da cewa tun daga firamare har ta gama sakandare ba ta taɓa fashin makaranta ba ko da na rana ɗaya.

Da ta isa shiga sakandare, sai aka tarar makarantar yankinsu ba ta da ƙungiyar ƙwallon 'yan mata. Mahaifin nata bai ce ta haƙura ba. Ɗauke iyalinsa ya yi kacokan ya koma ƙauyen Henrietta da ke maƙwabtaka da su, don kawai 'yarsa ta sami shiga makarantar da 'yan mata ke wasa.

Ƙofar da aka rufe mata

A shekarar 1970 Pat ta shiga Jami'ar Tennessee reshen garin Martin, wani ƙaramin gari a arewa maso yammacin jihar. Ya kamata mai karatu ta fahimci cewa a Amurka wasa hanya ce ta samun ilimi kyauta. Idan yaro ya ƙware a ƙwallo, jami'a kan ɗauke masa kuɗin makaranta da na masauki da abinci, shi kuma ya buga mata wasa. Da wannan tsari ne 'ya'yan talakawa da dama suka sami digiri. To amma a wancan lokaci maza kaɗai ake yi wa wannan gata. Yayyen Pat maza sun sami tallafin, ita kuwa duk da ƙwarewarta, iyayenta ne suka riƙa biya daga gumin gona. Sai a 1972 aka yi dokar da ake kira Title IX, wadda ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin maza da mata, kuma ita ma dokar ta ɗauki shekaru kafin tasirinta ya kai ga filayen wasa.

A Martin ta faɗa hannun mata biyu da suka tsaya mata tsayin daka: kociyarta Nadine Gearin, da shugabar wasannin mata ta jami'ar, Bettye Giles. A shekararta ta ƙarshe ta ji mummunan rauni a gwiwa har aka yi mata tiyata, mutane da yawa suka ɗauka wasa ya ƙare mata ke nan. Amma ta daure ta yi jinya, ta karɓi digirinta a fannin ilimin motsa jiki a 1974, sannan a 1976 ta kasance ɗaya daga cikin kyaftin biyu na tawagar Amurka a gasar Olamfik ta birnin Montreal a Kanada, karo na farko da aka saka ƙwallon kwandon mata a gasar. Sun dawo gida da lambar azurfa.

Daga dala 250 zuwa miliyan

Bayan ta gama Martin, ta tafi babban reshen jami'ar da ke birnin Knoxville don yin digiri na biyu, da nufin ta riƙa taimaka wa mai horar da ƙungiyar mata. Kwatsam sai mai horarwar ta ajiye aiki, aka miƙa wa Pat ragamar ƙungiyar tana da shekara 22 kacal, wasu daga cikin 'yan wasanta ma shekara ɗaya ta ba su. Albashinta dala 250 ne a wata. Ita ce mai wankin rigunan wasa, ita ce direban motar da ke kai su gasa, rigunan ma da kuɗin sayar da abin maƙulashe aka saye su. Akwai tafiyar da a ƙasan zauren wasan abokan karawarsu suka shimfiɗa tabarmi suka kwana.

Shekara 38 ta yi a kan wannan kujera. Ta ci wasa 1,098, ta ɗauki kofin jami'o'in ƙasa sau takwas tsakanin 1987 da 2008, ta kuma jagoranci tawagar Amurka zuwa ga lambar zinariya a Olamfik ta 1984. A 2006 albashinta ya haura dala miliyan ɗaya a shekara. Amma abin da ya fi burge ni a matsayina na mai riƙe da alli shi ne dokarta a kan karatu. Dole 'yar wasa ta zauna a ɗaya daga cikin layuka uku na gaba a aji, wadda kuma ta yi fashin darasi ba za ta buga wasa na gaba ba. Sakamakon haka, duk yarinyar da ta kammala shekarunta na wasa a ƙarƙashinta ta fita da digiri a hannu.

Yaba kyauta tukuici

A watan Agusta na 2008 Pat ta sanar da kyautar dala 600,000 ga Jami'ar Tennessee, don tallafa wa ƙungiyoyin ƙwallon kwandon mata. Ba ta bar kuɗin duka a Knoxville inda take aiki kuma ake yi mata tafi ba. Ta ce a raba da Martin, ƙaramar makarantar da ta bari shekara 34 da suka wuce, inda iyayenta suka biya mata kuɗin karatu saboda ita mace ce.

Daga cikin kuɗin ta keɓe dala 100,000 a matsayin asusu na dindindin da sunan iyayenta, Richard da Hazel Head, don ɗaukar nauyin mai karatun digiri na biyu da ke taimaka wa koci, wato irin gurbin da ita kanta ta shigo ta cikinsa a 1974. Irin wannan asusu ya yi kama da abin da muka sani da wakafi. Ba a taɓa uwar kuɗin, juya ta ake yi, a riƙa cire kimanin kashi huɗu zuwa biyar cikin ɗari duk shekara ana biyan buƙata. Ke nan dala 100,000 za ta riƙa samar da abin da ya kai dala 4,000 zuwa 5,000 a kowace shekara, ko bayan ran mai bayarwa.

Ita ma jami'ar Martin ba ta manta da ita ba. Ta sanya wa filin wasanta suna Pat Head Summitt, ta kuma kafa mata abin tunawa a harabar makaranta tare da malamanta biyu, Gearin da Giles.

A 2011 likitoci suka tabbatar Pat ta kamu da cutar gushewar tunani da ake kira Alzheimer, tana da shekara 58. Ba ta ɓoye ba, ta fito ta shaida wa duniya, ta kafa gidauniyar yaƙi da cutar, ta kuma ƙarasa kakar wasan. Ikon Allah, a gasar ƙasa ta ƙarshe da ta jagoranta a watan Maris na 2012, ƙungiyar farko da ta kara da ita ita ce ta Martin, tsohuwar makarantarta. Ta ajiye aiki a wannan shekara, ta rasu ranar 28 ga Yuni, 2016.

Ina namu tukuicin?

'Yar uwa, kowaccenmu akwai makarantar da ta yaye ta, kuma kowacce ta san abin da ya fi ƙona mata rai a can. Wata rashin ruwa ne a ɗakin kwana, wata rashin makewayi, wata kuma ta ga ƙawarta mai ƙoƙari ta bar aji saboda kuɗin jarrabawa. Ba kowa ke da dala 600,000 ba, amma tsofaffin ɗalibai ashirin idan suka haɗa kai, suka riƙa zuba abin da ya sawwaƙa kamar adashi, za su iya biya wa yarinya biyu ko uku kuɗin jarrabawar fita duk shekara. Sau da yawa taron tsofaffin ɗalibanmu a anko da ɗaukar hoto yake ƙarewa, alhali azuzuwan da muka zauna a ciki suna yoyo. Kafin taro na gaba, a wakilta mutum biyu su je su gana da shugabar makaranta, su tambaye ta abin da ya fi damun yaranta, a fara daga nan. Alheri dai danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Allah Ya ba mu ikon tunawa da waɗanda suka yi mana rana, amin. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.