Hukuma da Kara: Ina Iyakar Kowa?

'Yan'uwa fatake, kowa ya san kara ba ta ci sai da hukuma. Ita ke yi wa bisashe allura, ita ke tsare hanya, ita ke karɓar jangali da kuɗin duwan. To amma ina hannunta ya kamata ya tsaya?

A watan Mayu na 2025, gab da Babbar Salla, gwamnatin Nijar ta hana fitar da dabbobi waje domin ragon layya ya yi sauƙi a gida. Niyya mai kyau ce. Sai dai makiyayin da ya shekara yana turka rago, da falken da ya ci bashi ya tara kaya don Illela ko Maigatari, su suka ɗauki nauyin. Hani ba ya haifar da ɗan maraƙi ko ɗaya, kuɗi ne kawai yake ɗaukewa daga aljihun wani zuwa na wani. Mun ga irin haka sa'ad da Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020: ciniki ya koma daji, masu fasa-ƙwauri suka ci kasuwa.

Akwai doka a kan wannan al'amari. Yarjejeniyar UEMOA ta 1994, a sashe na 88, ta haramta abu uku. Na ɗaya, 'yan kasuwa su haɗa baki su kashe gasa. Na biyu, mai ƙarfi ya yi amfani da ƙarfinsa ya danne sauran. Na uku, gwamnati ta ba wani kamfani tallafin da zai ɓata gasar. Ka ga ke nan dokar ta hau kan hukuma ita ma. Yarjejeniyar ta kuma nemi a buɗe hanyar kaya tsakanin ƙasashen ƙungiyar, sai fa in akwai dalili irin na tsaro ko cutar dabbobi. Amma a lura: wannan ya shafi Binin, Togo da Kodebuwa, bai shafi Nijeriya ba, don ba ta cikin UEMOA. Ita tana da tata dokar gasa ta 2018, da hukumar FCCPC mai kula da ita.

Mu ma sai mu duba kanmu. In dillalai suka ƙulla cewa yau kada kowa ya taya sa fiye da kaza, ko aka hana baƙon falke saye, wannan shi ne haɗin bakin da doka ta hana. Wanda ke yin haka ba shi da bakin kuka da hukuma.

Abin da muke roƙo kaɗan ne. In za a yi hani, a sanar da wuri, a faɗi ranar ƙarewarsa, a kuma zauna da makiyaya da fatake kafin a sa hannu. A rage shingaye a hanya, farashi zai sauko da kansa.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.